Babi na 6: A Sayar da Shanu Don Karatun Jakadanci?

"Na gama bautar ƙasa, aiki shiru. In koma in yi mastas ne?" Da wuya ka sami gidan 'yan boko a Mubi da ba a yi wannan tambaya a cikinsa ba. Wani a tsakar gida yake yin ta, wani a waya da dare bayan kowa ya kwanta. In kuwa fannin da ake so hulɗar ƙasa da ƙasa ne, sai tambaya ta biyu ta biyo ta kamar jela: wa zai biya?

Ni ta same ni ne bayan la'asar, ina zaune a ƙofar gida. Ɗan yayata, wanda ya karanta kimiyyar siyasa, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wayarsa da hannu biyu. Gilashinta ya tsage ta gefe, sai da na karkata ta kafin na iya karantawa. Takardar gurbin karatu ce daga wata jami'a a Ingila, shekara ɗaya, digiri na biyu a hulɗar ƙasa da ƙasa. Can ƙasa an rubuta kuɗin makaranta, ya kusa fam dubu 20.

"Kawu, Baba ya ce zai kai bijimai kasuwar shanu ta Tike, in ba su isa ba a haɗa da filin nan na bayan gari. Ni dai ina so in ji ta bakinka."

Na ce ya tashi ya hau tabarma, wannan ba maganar tsaye ba ce.

Garin da ya zaɓi ƙasarsa

A bakin jama'a sunan fannin "karatun jakadanci", kamar dai duk wanda ya gama za a ba shi gida da tuta a Jidda ko Landan. Abin da ake koyarwa ya fi haka faɗi: yadda ƙasashe suke ƙulla yarjejeniya da yadda suke warware ta, abin da ke jawo yaƙi, dokokin da suka hau kan kowace ƙasa, ciniki tsakanin ƙasashe, da aikin irin su Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka. Ɗan Mubi kuwa ba sai an kai shi nesa zai ga misali ba, domin garinsu ma a zauren shawarar ƙasashe aka tattauna makomarsa.

Jamusawa sun ci Mubi a 1903, suka haɗa ta da Kamaru. A 1914 Turawan Ingila suka ƙwace, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma aka ba su riƙon yankin amana, riƙon da daga baya ya koma ƙarƙashin kulawar Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar da Najeriya ta sami 'yanci a 1960, Mubi ba ta cikinta. An yi ƙuri'ar raba gardama a Nuwamban 1959, mafi yawan mutane suka ce a dakata tukuna. Aka sake a Fabrairun 1961: mutum 146,296 suka zaɓi Najeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yunin 1961 yankin ya zama Lardin Sardauna, Mubi ce hedikwatarsa. Gwamnatin Ahmadu Ahidjo ta Kamaru ta mai da ranar ta makoki, ta kuma kai ƙarar Ingila Kotun Duniya, amma a 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci a kan maganar. Har yanzu akwai sauran tsofaffi a garin nan da suka ga ranar ƙuri'ar da idonsu.

Maganar ba ta tsaya a tarihi ba. In Kamaru ta saki ruwan madatsar Lagdo, gonakin bakin Binuwai ne suke nutsewa, kamar yadda aka gani a 2012. Da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, mai shago a kasuwar Mubi ya ji a jikinsa tun kafin masana su rubuta komai. A ƙarshen Oktoban 2014, da Boko Haram ta shigo garin, dubban mutane ta duwatsu suka tsallaka Kamaru da ƙafa, suka kwana a matsayin 'yan gudun hijira a ƙasar da kakanninsu suka ƙi zaɓa. Saboda haka ba ni cikin masu cewa wannan karatu ɓata lokaci ne. Muna bukatar 'ya'yanmu a wuraren da ake yanke irin waɗannan shawarwari, bukata mai tsanani. Abin dubawa shi ne yaushe, a ina, da kuɗin wa.

Ina za ka kai takardar?

Na tambaye shi, "In ka dawo, wace ƙofa za ka ƙwanƙwasa?"

"Ma'aikatar Harkokin Waje, Kawu. Ko Majalisar Ɗinkin Duniya. Ko dai wata ƙungiya."

"Ko dai" ɗin nan ita ta tayar mini da hankali. Likita in ya gama, lasisinsa ne yake ba shi damar taɓa majiyyaci. Lauya ma sai da takardar lauyanci yake tsayawa gaban alƙali. Digiri na biyu a hulɗar ƙasa da ƙasa ba shi da irin wannan ƙofa da aka ce sai mai shi kaɗai zai shiga.

Ma'aikatar Harkokin Waje ta hannun hukumar ɗaukar ma'aikatan tarayya take samun sababbin jami'ai, digiri na farko ya isa, ana kuma lura da rabon jihohi. Wanda aka ɗauka, ma'aikatar ce take horar da shi a makarantarta ta koyon diflomasiyya. Guraben kaɗan ne, ba kuma kowace shekara suke buɗewa ba. Jakadu kuwa, wani ɓangare nasu daga cikin ma'aikatar suke tasowa bayan shekaru masu yawa, sauran naɗin siyasa ne.

Dubi waɗanda muke alfahari da su. Marigayi Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, malamin makaranta ne da ya shiga siyasa. A 1981 ya zama wakilin Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, har ya shugabanci kwamitinta na yaƙi da wariyar launin fata. Ishaya Audu, ministan harkokin waje a zamanin Shagari, likita ne. Amina Mohammed, mataimakiyar babban sakataren Majalisar tun 2017, ta daɗe tana aiki a kamfanin zanen gine-gine kafin ta koma harkar raya ƙasa. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande shi ne ya bi hanyar karatu har ƙarshenta, daga Zariya zuwa Boston zuwa Toronto, amma sai da ya shafe shekaru wajen 30 yana koyarwa da shugabancin makarantu kafin ya shugabanci Babban Zauren Majalisar a 2019. Kowannensu da wani aiki da aka san shi da shi kafin duniya ta kira shi.

A Majalisar Ɗinkin Duniya digiri na biyu yana da daraja, domin yawancin manyan gurabenta suna neman sa. Sai dai tare suke neman sa da shekarun aiki, kuma sau da yawa sukan karɓi digiri na farko in mutum ya ƙara shekara biyu na ƙwarewa. Ƙungiyoyin agaji, waɗanda suka cika Maiduguri da Yola da Mubi bayan 2014, su kuma abin da suke tambaya shi ne me ka iya: tattara bayanai, rubuta rahoto, lissafin kuɗin shiri, magana da jama'a da harshensu. Wannan kasuwa ma ta yi sanyi tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje a Janairun 2025, ma'aikata da yawa suka koma gida.

Inda digirin yake wajibi babu ja shi ne koyarwa a jami'a da aikin bincike. Yana kuma ƙara wa wanda ya riga ya shiga aiki nauyi, jami'in kwastan ne, na shige da fice, soja, ko ɗan jarida. Ga irin waɗannan, karatun wanka ne a kan kyau.

A zo a yi lissafi

Muka ɗauko biro da bayan wata tsohuwar ambulan. A 2024 fam ɗaya ya kai naira 2,000. Fam dubu 20 ke nan naira miliyan 40, kuma ba a yi maganar ɗaki ba, ba abinci, ba biza, ba kuɗin inshorar lafiya da Ingila take karɓa tun kafin ka taka ƙasarta, ba tikitin jirgi. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira dubu 70 ne. Mai wannan albashi, ko ruwa bai saya ba, sai ya haura shekara 47 kafin ya tara kuɗin makarantar kaɗai. A ce ma Allah ya yi masa buɗi ya sami aikin dubu 200 a wata, yana ajiye rabi: shekara 33.

Ya daɗe yana kallon ambulan ɗin. Sannan ya ce, "Ai ana yin aiki a can, Kawu."

Ana yi. Amma doka ta ƙayyade wa ɗalibi awa 20 a mako lokacin karatu, abin da ke fitowa kuma da ƙyar yake riƙe haya da ci. Ga kuma haɗarin da ba a hannun kowa yake ba. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take. A farkon 2024 ta haura 1,500. Iyalin da suka tanadi kuɗin shekara cif suka wayi gari abin da ke hannunsu bai kai rabi ba. A Mayun 2024 labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside ya bazu, waɗanda aka dakatar da karatunsu aka ce su bar ƙasar saboda sun kasa cika biya a kan lokaci. Ba malalata ba ne, naira ce ta zame musu a ƙarƙashin ƙafa. Mai iyali kuma ya sani, tun Janairun 2024 Ingila ta hana masu irin wannan digiri na shekara ɗaya tafiya da mata da 'ya'ya.

Shanun Alhaji, mahaifin yaron, ba ajiya ba ce kawai. Su ne kuɗin makarantar ƙanne, su ne asibitin Hajiya in ciwo ya tashi, su ne auren 'yan mata biyu da ke tafe. Saniya tana haihuwa, fili yana ƙara daraja yana kwance. Wanda ya sayar da su don takardar da ba ta ɗauke da alkawarin aiki ya saki reshe ya kama ganye, kuma ba shi kaɗai zai faɗo ba. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: wannan fanni, a ƙasar waje, ba a yin sa da bashi, ba a yin sa da jarin gida. In uba yana da yalwar da miliyan 50 za ta fita bai ji ba, wannan daban, Allah ya ƙara arziki.

Kuɗin wani

Masu biya suna nan, sai dai kowanne da sharaɗinsa. Chevening ta gwamnatin Birtaniya tana ɗaukar nauyin digirin shekara ɗaya gaba ɗaya, da kuɗin makaranta da na kashewa da jirgi. Tana neman shekara biyu na aiki, wato awa 2,800, da alkawarin za ka dawo gida ka zauna aƙalla shekara biyu. Hukumar DAAD ta Jamus tana da shiri mai sunan Helmut Schmidt don masu karatun mulki da tsare-tsaren gwamnati. Turkiyya takan buɗe nata a Janairu zuwa Fabrairu, tana neman wanda bai kai shekara 30 ba, ta kuma fara koya masa harshenta na shekara guda. Akwai na Commonwealth, akwai Erasmus Mundus na Tarayyar Turai.

Wanda na fi so 'yan Mubi su sa wa ido shi ne na kusa. Tarayyar Afirka tana da jami'arta, kuma reshenta na nazarin mulki da haɗin kan yankuna a Yawunde yake, tana kuma ba ɗalibanta tallafi. A Yawunden dai akwai IRIC, makarantar koyon hulɗar ƙasashe da aka kafa a 1971, wadda ta yaye jami'an diflomasiyya na ƙasashen Afirka da dama. Muna hangen Landan, ga maƙwabta da abin a hannu.

TETFund kuwa, wadda matasa suke yawan ambata, ta malaman manyan makarantun gwamnati ce, kuma daga farkon 2025 ta dakatar da tura su waje. Malamin Jami'ar Jihar Adamawa ko na Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke nan Mubi zai iya nema don karatu a cikin gida. Wanda ba ya koyarwa ba shi da rabo a ciki. Abu guda kuma da zan roƙi iyaye su riƙe: tallafin gaskiya ba a sayen sa. Duk ejan da ya ce a kawo wani abu zai samo wa yaro sikolashif, a rufe aljihu.

Masu neman waɗannan gurabe dubbai ne, waɗanda ake ɗauka 'yan kaɗan. Faɗuwa a karon farko ba abin kunya ba ne, da yawa sai a na biyu ko na uku suke dacewa.

Karatun gida

A gida kuɗin bai kama ƙafar na waje ba, kuma mutum yana iya yi yana riƙe da aikinsa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe da shirin digiri na biyu a harkokin ƙasashen waje da diflomasiyya, wanda aka fi sani da MIAD. Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife tana da tsohon sashe na wannan fanni. Kafin ka sayi fom, ka tambaya: wannan digirin na bincike ne ko na ma'aikata? Na ma'aikata ya fi sauri, amma jami'o'i da yawa ba sa karɓar sa ga mai son wucewa digiri na uku. Na ga wanda sai da ya gama ya ji wannan magana, ya koma ya sake wani daga farko. Mai babbar difloma ta kwalejin fasaha kuma, galibi sai ya fara da diflomar share fage ta shekara ɗaya.

Tsadar karatun gida a lokaci take. Abin da aka rubuta wata 18 yakan kai shekara uku, tsakanin malamin da ke duba kundi mai ɗalibai fiye da ƙarfinsa da yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas. Ga hanya: daga Mubi zuwa Zariya tafiyar yini ce cur, da kuɗin mota da na masauki duk zuwa. A sa wannan ma a bayan ambulan.

Abin da ke hannunka

Ranar kasuwa na ja shi muka shiga Tike. Tireloli sun jeru ana lodin shanu zuwa kudu, ƙura ta tashi har ba ka ganin ƙarshen layi. Muka tsaya kusa da wani dillali yana tsakanin mai saniya da ya tsallako daga Kamaru da mai saye da ya zo daga kudu. Da wannan Fulatanci, da wancan Turancin kasuwa, in ya juya ga yaransa Hausa. A gefe ɗan canji yana zaune da damin sefa a hannun hagu, naira a dama, yana latsa ƙaramin kalkuleta da babban yatsa. Farashin da zai faɗa da azahar ba shi ne na safe ba. Na ce wa ɗan yayata ya lissafa ƙasashe nawa ne suka haɗu a cinikin saniyar nan guda.

Ɗalibin Landan da ke rubutu a kan cinikin kan iyaka sai ya nemi tallafi da biza da tafinta kafin ya ga abin da muke gani a tsaye. Yaron da ya tashi a nan yana jin Hausa da Fulatanci, wataƙila da Gude ko Fali ko Margi, ya san hanyar Sahuda zuwa Bukula, ya san abin da ake biya a kowane shinge da abin da aka rubuta a doka, ya san gidajen da rabinsu ke wannan ƙasa rabi a waccan. Masu tantance takardun neman tallafi sun gaji da karanta "ina so in kawo zaman lafiya a duniya". Wanda ya rubuta musu yadda rufe iyaka ya sauya farashin saniya, ko yadda iyalan da suka dawo daga gudun hijira suka sami gonakinsu, ko suka rasa, shi ne za su tsaya su sake karantawa.

Abin da ya rage masa Faransanci ne, kuma a nan nake ganin sakacinmu. Najeriya duk maƙwabtanta na tudu da Faransanci suke aiki. Hukumar Tafkin Chadi, da aka kafa a 1964, a Njamena take, nan ne kuma hedikwatar rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙi da Boko Haram. Sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya da Turanci da Faransanci take aiki. ECOWAS da ke Abuja ma tana amfani da shi. Mutum biyu in suka zo da digiri iri ɗaya, mai harshe biyu ake kira. Ga mu kuwa da Garwa da Marwa a bayan dutse, da 'yan Kamaru a kowace unguwa, amma da wuya ka ga matashin da ya ɗauki abin da muhimmanci. Kuɗin bijimi ɗaya ya isa a yi shekara ana koyon Faransanci har a zauna jarrabawar shaidarsa, a kuma sami canji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yan mata ma maganar ta shafe su, har ta fi. Ƙungiyoyin da ke aiki da matan da rikici ya raba da gidajensu kullum suna neman mace mai ilimi da za ta shiga cikin gida ta zauna da su, kuma shirye-shiryen tallafi da yawa suna ƙarfafa mata su nema.

Shawarar da muka tsayar

Da dare muka je wurin mahaifinsa tare. Alhaji ya saurara har na gama, yana jan carbi, sannan ya ce, "Ni dai kada ya ce na hana shi karatu."

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ba ka hana ni ba. A bar shanun. Ka ba ni shekara biyu."

Ya rubuta wa jami'ar ya gode. Yanzu yana aikin tattara bayanai da wata ƙaramar ƙungiya a ƙauyukan kan iyaka, albashin ba yawa, amma awanninsa suna taruwa. Kwana uku a mako, bayan magariba, yana zuwa wurin wani malami ɗan Garwa da littafinsa na Faransanci. Yana da wani littafin kuma, mai bango ja, inda yake rubuta farashin sefa da na shanu duk ranar kasuwa, da abin da direbobi suka gaya masa game da hanya. In shekara biyun ta cika zai nemi tallafi uku a lokaci guda, in ba a dace ba ya nemi Zariya yana aikinsa.

Makon jiya ya kawo mini shafi biyu da ya rubuta, gwajin takardar da ake bayyana kai da dalilin neman tallafi. Layin farko ya fara da sunansa da ranar haihuwarsa, labarin Tike kuwa yana can a sakin layi na ƙarshe. Yadda ake juya irin wannan takarda, da wanda ya kamata a roƙa ya rubuta wa mutum shaida, da watan da ake fara shiri, su za mu ɗauka a babi na 7.